Dalilin Zaman Babanku a Bencin Baya

Wata biyar ke nan da rasuwar babanku, kuma ba na ɓoye wa kowa cewa har yau kuka nake yi. Masu zuwa gaisuwa suna ce mini in yi haƙuri, ya tafi wurin hutu. Na sani. Ba inda ya tafi ne ke sa ni kuka ba, inda ya bar ni ne. Amma ba don in ba ku labarin kukana na sa a ɗauko takarda ba. Ni ban yi karatu ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba, shi ya sa na zaunar da Maryamu da biro, tunda ita ce malamar makaranta a cikinku. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini hali a kan takarda.

Kwana uku da binne shi, ina cikin ɗaki, mata sun cika tsakar gida, sai na ji wata daga bayan zana tana cewa:

"Allah sarki, Dattijo. Mutumin kirki, in ban da wancan abin nasa da Ladi."

Wata ta amsa mata, "Ke dai bari. An daɗe, Allah ya riga ya yafe masa."

Biyu daga cikinku suna wurin suna raba wa baƙi ruwa. Babu wadda ta ɗaga kai. A nan na gane kun daɗe da jin maganar, kun kuma karɓe ta, kun ɗauka abin kunyar gida ne da ake rufewa. To, ba haka ba ne. Babanku bai taɓa sanin wata mace ba sai ni, Ladi kuma ba ta taɓa cin amanar aurenta ba. Ya zauna a bencin baya, gaskiya ne, an kuma cire shi daga dattawan ikilisiya. Amma laifin da ya kai shi can nawa ne. Sunan mutum biyu na ɓata, kuma ba zan shiga kabari da shi a bakina ba.

A shekarun farin nan ne, waɗanda manyanku suke ɗan tunawa. Unguwarmu a lokacin gida goma sha biyu ce ta masu bin Almasihu, a tsakiyar ƙauyukan Musulmi ta wajen Makoda, gona manne da gona, rijiya ɗaya muke sha da su. Iyayenmu Maguzawa ne, kuma da yawa cikin danginmu suna nan kan al'adar kakanni, da giyarsu da yankansu a gindin tsamiya. Majami'armu ta ƙasa ce da jinka, bencinan ma na ƙasa ne, maza a dama, mata a hagu. Can baya kusa da ƙofa akwai wani gajeren benci shi kaɗai, na wanda aka sa wa horo. Idan mutum ya yi laifin da ya fito fili, dattawa sukan yanke masa watanni. Zai zo sujada, amma a nan zai zauna, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa, ba ya ba da waƙa, ba ya yin addu'a a gaban jama'a, har wa'adinsa ya cika a karɓe shi. Ba don mugunta aka kafa shi ba, don mutum ya tuba ya dawo ne. Amma duk mai shiga sai ya wuce ta gabanka, duk mai fita haka.

Babanku yana cikin dattawa uku da ke zama a gaba kusa da mai bishara. Ni kuwa, Talatu, ni ce shugabar zumuntar mata. Ina da baki, ina da murya, gidana a share, 'ya'yana a wanke. Ba a taɓa kama ni da komai ba, sai na ɗauka hakan na nufin ba ni da komai. Idan mai bishara yana wa'azi a kan zunubi, nakan riƙa lissafa a raina wadda maganar ta dace da ita a cikin mata.

Shekara ta biyu ta farin ce ta karya mu. Ruwan farko ya sauka, muka yi shuka, gero ya tsiro kamar tsawon yatsa, rana ta ƙone shi. Aka sake samun yayyafi, muka sake shuka, ita ma ta ƙone. Sai dattawa suka ce gidan da ke jin yunwa ba ya iya tsare irinsa, don haka kowa ya kawo ɗan irin geron da ya rage masa a haɗa wuri ɗaya. Aka cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, aka zuba a ƙaramin rumbun ƙasa da ke bayan ɗakina, aka liƙe bakinsa da laka, mai bishara ya ɗora hannu ya yi addu'a. Aka yi alkawari ba mai taɓa shi sai damina ta zauna sosai. A gidanmu aka ajiye shi saboda babu wanda ke shakkar babanku. Abincinmu a lokacin ganyen tafasa ne da dusa, wani lokaci mu tona gidan tururuwa mu kwashe ɗan hatsin da suka tara. Unguwa ta yi shiru, babu ƙarar turmi. Duk gidan da aka ji ana daka, kowa ya san akwai hatsi a can.

Kai Yakubu, shekararka uku. Ƙafafunka sun kumbura, gashinka ya yi ja, in na ba ka ganye sai ka kawar da kai, ko kuka ka daina yi. Wata rana da tsakar rana, babanku ya tafi neman aikin ƙodago, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin rumbun ko kazarmu ɗaya da ta rage ta yi ƙwai. Ban ga ƙwai ba. Sai na ga ɗan tsibin gero a ƙasa, bai cika tafin hannu ba. Ɓera ne ya huda gindin rumbun. Abin da ya kamata in yi shi ne in kira babanku ya liƙe. Sai na ce a raina abin da ya zubo da kansa ai ba sata ba ce. Na kwashe, na wanke tokar, na niƙa a hankali a kan dutse don kada a ji, na dama maka kunu. Ka sha, ka lashe ludayin. Washegari na koma, babu abin da ya zubo, sai na sa tsinke na taɓa ramin. Daga nan na samo tsumma na yi masa marfi, in cire in mayar. Haka na yi ta yi sati da sati, ranar Lahadi kuma in ɗaura zanen zumunta in ba da waƙa.

Ladi maƙwabciyarmu ce, ƙanwar bayana ce a shekaru. Mijinta ya tafi cin rani kudu tun farkon farin, babu saƙo babu labari, ya bar ta da yara uku. Wata rana na fito da baya daga ƙarƙashin rumbun, hannuna duk toka har gwiwa, ƙoƙo a cikin zanena, sai na ganta tsaye a bakin zana da tulu a kai.

Ta ce, "Sannu da aiki, Yaya Talatu. Guga na zo aro, igiyar tawa ba ta kai ruwa yanzu."

Na ce, "Ga shi can a rataye."

Ta ɗauka ta tafi. Ban san ko ta gani ba, kuma rashin sanin ya hana ni sukuni. Kwana biyu ina kallon bakinta a rijiya, in ta matsa kusa da wata mata sai gabana ya faɗi.

A rana ta uku na je karɓo gugana. Tun daga ƙofa na ji warin. Ni a gidan masu dafa giya aka haife ni, ba a ɓoye mini wannan wari. Na zaga bayan ɗakinta, ga dawa mai tsiro a shanye a tabarma, ga manyan tukwane biyu a kan murhu. Ladi ta miƙe tana goge hannu.

"Na kawuna ne, Yaya. Za su yi roƙon ruwa irin nasu a gindin tsamiya, tsofaffinsu suka harhaɗa dawar. Ni ba na sha, ba na zuwa wurin. Abin da ya rage in an tace shi suke bar mini, in shanya in tuƙa wa yara."

Na ce, "Da hannun da kike karɓar jibi, Ladi?"

"Da shi nake ba yara abinci ma."

"Mutane suna tonon gidan tururuwa, ke kina mayar da dawa giya don tsafi!"

Ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Yaya, bana kowa akwai inda yunwa ta kai shi."

Wannan maganar ce ta gama da ni. Na ɗauka gargaɗi take yi mini. Ko gida ban koma ba, da gugan a hannuna na wuce wurin mai bishara. A hanya ina gaya wa kaina kishin gidan Allah ne ke tura ni, kuma na kusa yarda. Amma gaskiyar ita ce so nake bakinta ya zama ba shi da daraja tun kafin ta buɗe shi. Wa zai saurari mai dafa giyar tsafi a kan shugabar zumunta?

Dattawa suka zauna ranar Alhamis a inuwar majami'a. Ladi ba ta yi musu ba. Babanku ya roƙa a yi mata gargaɗi kawai, ya ce mace ce ita kaɗai da yara uku, kuma babu wanda ya kai mata ko mudu ɗaya a cikinmu. Sauran biyun har sun fara sassautowa. Sai aka kira ni a matsayin uwar mata, aka ce me na gani. Na ce in aka bar wannan, gobe kowace mace za ta ɗora tukunya ta ce yunwa ce. Aka yanke mata wata shida a bencin baya, aka ce ta ajiye zanen zumunta. Ni na karɓa da hannuna na ninke shi. Na lura ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dube ni, sai ta rufe.

Da la'asar ɗin ranar, babanku yana zaune a ƙofar ɗakina yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ɗauki ƙoƙon da Yakubu ya sha kunu, ya lakato ragowar da yatsa ya ɗanɗana. Ya ajiye ƙoƙon, ya ce:

"Talatu, kunun nan akwai toka."

Na ce, "Kanwa ce ta yi yawa."

"Na san kanwa."

Ya tashi ya zaga baya. Na ji shi ya durƙusa. Da ya dawo, tsumman yana hannunsa. Ya zauna ya ajiye shi a tsakaninmu.

"Ranar Lahadi za a zaunar da Ladi a baya. Ke kika kai ta. Za ki tashi ki faɗi naki?"

Na fashe da kuka. Na ce, "Irin gida goma sha biyu ne! Za su ce na cinye musu shekara. Da wane ido zan dubi mata? Don ɗanka na yi, ka dube shi, ya fara tsayawa. Ka rufa mini asiri don Allah."

Ya ce, "Ba zan tona ki ba. Wannan na yi miki alkawari. Bakinki ne zai faɗa, ba nawa ba. Amma ni ba zan iya zama a gaba ina kallon matar nan a baya ba."

Ban gane abin da yake nufi ba. Ya kwaɓa laka ya liƙe ramin da kansa. Washegari ya kai babbar rigarsa ta zuwa sujada kasuwa, ya dawo da garin rogo, da shi muka ci gaba da riƙe Yakubu.

Ranar Lahadi majami'a ta cika, har waɗanda yunwa ta kwantar sun lallaɓo. Mai bishara ya sanar da horon. Ladi ta tashi daga cikin mata, kanta a ƙasa, ta tafi baya ta zauna. Aka ɗauki waƙa, ni na ba da ita. Ba mu kai baiti na biyu ba sai na ga babanku ya miƙe daga wurin dattawa. Ya bi ta tsakiya a hankali, ya je ya zauna a bencin nan. Gajere ne, na gaya muku, da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu. Waƙar ta mutu a bakinmu.

Mai bishara ya ce, "Dattijo, wurinka yana nan gaba."

"Nan ne wurina, Malam."

"Me ka yi?"

"Akwai abin da ke tsakanina da Allah. In masu zunubi ake zaunarwa a nan, ban fi ta ba."

Babanku ya dube ni sau ɗaya daga can. Wuri ya buɗe mini, in da zan tashi. Na sunkuyar da kai, na gyara ɗankwalina.

Shi a zuciyarsa yana ganin ya zauna ne don kada ta zauna ita kaɗai. Bai yi tunanin yadda idon mutane ke gani ba. A wurinmu namiji ko a biki ba ya zama tabarma ɗaya da matar wani, balle matar da mijinta ba ya gari, balle wadda ya gama roƙa mata sassauci kwana uku da suka wuce. Kafin mu kai bakin rijiya magana ta gama haɗuwa. Iya Kande, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwar, ta tsaya ta dogara sandarta ta ce da ƙarfi:

"Oho! Ashe shi ya sa Dattijo ya yi ta roƙo kamar shi za a yanka! Ladi ba giya kaɗai take dafawa ba, 'yan nan."

Aka kwashe da dariya, irin dariyar masu yunwa da suka samu abin taunawa. Da rana mata suka cika mini gida, sun zo yi mini jaje. Wannan ta ce, "Sannu Talatu, maza ba su da tabbas." Waccan ta ce, "Ke da kike tsare gidan Allah, ashe ana cin naki gidan." Maryamu, rubuta wannan da kyau: na zauna na karɓi jajen. Har hawaye na yi, suka ɗauka na baƙin cikin miji ne. Satar iri yunwa ce ta sa ni. Wannan kuwa babu yunwar da ta sa ni, son sunana ne kawai.

Dattawa suka kira shi suka tambaye shi kai tsaye. Ya ce bai taɓa Ladi ba, Allah ne shaida. Suka ce to me ya yi? Ya ƙi faɗa. Suka ce mutumin da ya kai kansa horo ya kuma ƙi faɗin dalili ba zai shugabanci jama'a ba. Aka cire shi. Ladi ma ta rantse, amma bakin da na riga na rage wa daraja, wa zai saurare shi?

Da ruwa ya zauna aka fasa lakar rumbun, iri bai kai yadda aka zuba ba. Aka ga alamar rami, aka ce ɓera. Babanku ya ce a hannunsa aka ajiye, a cire giɓin daga rabon gidansa. Rabin gonarmu ya zauna fili. Malam Inuwa, Musulmin da gonarsa ke iyaka da tamu, ya zo da irin wake a cikin hularsa ya juye wa babanku a riga.

"Ba don kai na yi ba, maƙwabci. In gonarka ta zauna fili, ciyawarta ni za ta dama."

Da wannan waken muka ga kaka.

Wa'adin wata shida ya cika, aka karɓi Ladi, amma maganar ba ta da wa'adi. Babanku bai sake komawa gaba ba har ya mutu, can wajen baya cikin samari yake zama. Bai taɓa goranta mini ba, ko a cikin faɗa. Ni kuwa na ƙara shekara goma sha ɗaya ina shugabar zumunta, ana kawo mini ƙarar mata ina yanke musu. Mijin Ladi ya dawo bayan shekara biyu, ya ji abin da ake faɗa, ya kwashe 'ya'yansa maza biyu ya tafi, bai sake waiwayarta ba. 'Yarta Hannatu ta girma, aka kawo kayan gaisuwar aurenta, sai dangin yaron suka ji labarin uwarta suka aiko a mayar musu. Daga baya Ladi ta tattara ta koma wurin ƙanenta a Rimin Gado. Duk ina gani. Kowane jibi nakan miƙa hannu in karɓa, in ce wa Allah shekara mai zuwa zan faɗa.

Sati biyu kafin rasuwarsa, da hantsi, ina shafa masa mai a ƙafa, babanku ya ce:

"Talatu, na daɗe ina zaton jinƙai na yi. Na rufe ki, amma da zanen Ladi na rufe ki."

Na ce, "Laifina ne, ba naka ba."

"Akwai nawa. Na ga abin da zamana ya jawo mata, na kasa gyarawa ba tare da na karya alkawarin da na yi miki ba, sai na zaɓi matata. Kuma akwai wani abu. Na ji daɗin zama mai haƙuri. Ina zaune a baya ina ganin na fi na gaba. Shi ma girman kai ne, ya dai sa tsohuwar riga. Na roƙi Ubangiji gafara, na san ya ji ni. Ke kuma ki je wurinta tun tana da rai."

Ban je ba sai da na ji maganar nan ta bayan zana. Da aka share makoki na hau mota zuwa Rimin Gado. Na same ta a zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa, idanunta sun tafi. Hannatu tana gefe tana tankaɗe, ita ma furfura ta fito mata. Na yi sallama.

Ladi ta ce, "Wa nake ji?"

"Talatu ce."

"Yaya Talatu? Ashe kina da ƙafa! Hannatu, ba ta tabarma. Ya haƙuri? Na ji Dattijo ya riga mu."

Ban hau tabarmar ba. Na durƙusa a ƙasa da waɗannan gwiwoyin nawa, na faɗi komai, tun daga ramin ɓera har jajen da na karɓa. Da na gama sai ta yi dariya, bakin babu haƙori.

"Ai na gan ki. Ƙafafunki na fara gani sun leƙo daga ƙarƙashin rumbu, na ce wace irin kaza ce wannan mai kaushi?"

Na ce, "To me ya hana ki faɗa, ranar da na tsaya a gaban dattawa ina yanke miki?"

"Na buɗe baki zan faɗa. Sai ƙafar Yakubu ta faɗo mini a rai. Na ce in na yi magana, gobe yaron nan ba shi da kunu. Daga baya kuma ko na faɗa wa zai yarda?"

"Ki yafe mini, Ladi."

"Na yafe tun ina da ido. Ba don kin cancanta ba, Yaya, kada ki ɗauka haka. Ni ma giyar nan na san ba daidai na yi ba, kuma da Yesu ya karɓe ni bai tambayi cancantata ba. Tashi, ƙasa da sanyi."

Sai Hannatu ta ajiye rariya. Ta ce:

"Inna ta yafe nata. Nawa fa? Ina 'yar shekara tara aka fara nuna ni a rijiya. 'Yan'uwana biyu ban san inda kabarin ɗaya yake ba. An mayar da kayan aurena a kan jaki, yara suna bi suna waƙa. Ke kina ina, Baba Talatu? Kina gaba kina ba da waƙar sujada. Yanzu da mijinki ya mutu, sunansa ya dame ki, shi ne kika tuna da mu?"

Na ce, "Gaskiya kika faɗa."

Ta shige ɗaki. Ba ta kawo mini ruwa ba, ba ta raka ni ba.

Lahadin da ta biyo na tashi a majami'armu, bayan wa'azi, na faɗa a gaban kowa, da sunan Ladi da na babanku. Waɗanda suka yi dariya a bakin rijiya yawanci sun mutu, amma 'ya'yansu sun ji. Ku da kuke birni ba ku nan, shi ya sa nake so ya zauna a takarda, ku karanta wa jikokina. Kai Yakubu, kada ka ɗauki nauyin komai. Yaro ba ya tambayar inda kunu ya fito. Kuma kada ku ji tausayina fiye da kima. Na yi shekara arba'in da wani abu ina tsoron ranar nan, da ta zo sai na ga ban taɓa yin numfashi mai daɗi irin na bayanta ba. Na san wanda ya mutu domina, wato Yesu, na san bai mutu domin shugabar zumunta mai tsabtar gida ba, domin ɓarauniyar iri ya mutu. Ba na shakkar gafararsa.

Saura magana ɗaya. Na ji wasunku suna shirin ɗaukar fasto su je Rimin Gado, wai a tuna wa Hannatu cewa mai bi dole ya yafe. Ban yarda ba. Babu wanda zai fita daga gidan nan ya je ya nuna wa matar nan zunubinta. Na taɓa yin wannan tafiyar da guga a hannuna, kun ji inda ta kai mu. Tsakaninta da Ubangijinta ne, shi kuma ya fi mu sanin abin da aka ƙwace mata. In za ku je, ku je da hatsi da gaisuwa, ku zauna a inda ta nuna muku, ku saurari duk abin da za ta faɗa a kaina, kada ku kare ni. In ta yafe kafin in mutu, alheri ta yi mini. In ba ta yafe ba, ranar da na tafi ku aika mata ta ji daga bakinku. In ta zo, ku zaunar da ita cikin dangi. In ba ta zo ba, ku bar ta.